Zaren Halliru a Gonar Rake

Akwai wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Ruwan Bago da ake kira Fadamar Gawo. A shekarar 1937 gidajensa ba su wuce talatin ba, kuma duk abin da mutanensa suke taƙama da shi yana cikin kwarin da ke gabas da su, ƙasa baƙa mai riƙe danshi har cikin bazara, inda ake noman rake da 'yar shinkafa. Gonar tudu kowa yana da ita, ta dawa da gero da gyaɗa. Fadama kuwa ba kowa ba. Mai unguwa ne yake yanka wa magidanci, kuma a al'adar wurin yana iya karɓewa idan jama'a suka haɗu a kan cewa mutum ya zama cuta a cikinsu. Iyakar abin da dattawa suka iya tunawa, sau biyu aka taɓa yin haka. Halliru ya kusa zama na uku.

Halliru a lokacin yana da kamar shekara arba'in. Dogo ne, marar yawan magana, yana da mata ɗaya, Turai, wadda ta yi suna wajen kaɗi, da 'ya'ya mata uku. Fadamarsa tun ta ubansa ce, tana tsakanin rafi da fadamar Ɗanmaliki, ɗan kawunsa. Su biyun taubasai ne, saboda haka Ɗanmaliki ba ya kiransa da suna sai bawana, kuma yana da damar faɗa masa duk abin da ya zo bakinsa a gaban kowa.

Babu wanda ya taɓa kama Halliru da sata ko ƙarya. Abin da aka san shi da shi tsuguno ne. Yana cikin noma sai a ga ya ajiye fartanya ya tsuguna gaban ganye ɗaya, ya daɗe yana kallo. Abin da yake kallo wani ƙwaro ne ƙarami daga dangin malam-buɗe-littafi, wanda mutanen ƙauyen ba su taɓa damuwa su ba shi suna ba. Shi ya sa masa ɗan zabura.

Ƙwaron bai fi tsawon gaɓar yatsa ba. Launinsa na ƙasa ne, wani da ɗan ruwan ɗorawa. Jikinsa yana da kauri, kansa babba, idanunsa manya, 'yan ƙahonninsa biyu kuma suna da kumburi a ƙarshe, sannan su lanƙwashe kamar ƙugiya. Ba ya lilo a iska irin na malam-buɗe-littafin da ke bin furanni. Zabura yake yi, yanzu yana nan, kafin ka ƙifta ido yana can kan wata ciyawa. Idan ya sauka shan hantsi sai ya shimfiɗa fukafukansa na baya, ya ɗaga na gaba rabi. Macen tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a kan ganyen ciyawa, ko shinkafa, ko dawa, ko rake. Tsutsar da ke fitowa koriya ce mai babban kai da siririn wuya. Takan ninke ganye a tsaye, ta ɗinke bakinsa da wani farin zare mai kama da saƙar gizo da take fitarwa daga bakinta, ta zauna a ciki, ta riƙa leƙowa tana cin gefen ganyen. Idan ta ƙoshi da girma sai ta daina ci, ta sandare ta zama wani ɗan ƙunshi mai tsini, bayan mako ɗaya ko kwana goma ƙunshin ya tsage, ɗan zabura ya fito.

Duk wannan Halliru ya gano shi da kansa, ta hanyar yanko ninkakken ganye ya sa a tukunya ya rufe da ƙyalle. Shekaru yana yi, ba wanda ya ɗauke shi komai sai wauta.

A farkon daminar shekarar wani baturen gona ya sauka a barikin Karaye, ya shiga zaga fadamun yankin tare da malamin gona, wani Bakano mai suna Malam Sanusi. Baturen yana yawo da raga a bakin sanda yana kama ƙwari, don haka aka sa masa Mai Koma. Mutane ba su yarda da zancen ƙwarin ba. An fi zaton gonakin rake yake ƙirgawa don a ɗora musu wani sabon haraji, shi ya sa da ya iso Fadamar Gawo duk wanda aka tambaya sai ya ce fadamar ba tasa ba ce, ta wani ɗan'uwansa ce da ya yi tafiya. Halliru ne kaɗai ya tsaya, shi ma don ya ga Baturen ya kai wa ɗan zabura raga sau huɗu yana kuskurewa. Ya ce wa Malam Sanusi, "Malam, faɗa masa ya daina binsa. Ya tsaya a nan, inda ya tashi nan zai dawo." Baturen ya tsaya, ƙwaron ya dawo kan ganyen, ya kama shi.

Sun yi kusan rabin yini a bakin rafi. Ta bakin Malam Sanusi, Baturen ya bayyana cewa masana sun daɗe suna gardama a kan wannan ƙwaro, ko a lissafa shi da masu tashi da rana ko da masu fitowa da duhu, domin jikinsa na masu duhu ne, halinsa na masu rana. A ƙarshe masanan suka ba ƙwaron gidan kansa, kuma a cikin gidan, masu cin ganyen ciyawa su ne ɓangare mafi yawa. Ya buɗe wani akwati ya nuna iri shida da ya kama a yankin. Halliru ya duba ya ce biyar ne. Ya nuna biyu, ɗaya mai wani siririn layi a fiffike, ɗaya mai ɗige-ɗige, ya ce miji da mata ne, daga tsutsa iri ɗaya suke fitowa, kuma ya sha ganinsu a haɗe. Malam Sanusi bai so fassara wannan ba. Ya ce masa a hankali, "Kai, ka tabbata? Ko so kake a ce ka fi shi sani?" Halliru ya ce shi dai abin da ya gani ya faɗa.

Kafin su tafi Baturen ya bar masa abu biyu: madubin hannu mai ƙara girman abu, da damin fararen takardu. Aka nuna masa yadda zai ninke takarda kusurwa uku ya sa mataccen ƙwaro a ciki, ya rubuta rana da wuri da irin ganyen da tsutsar ta ci. Halliru bai iya boko ba, da ajami zai rubuta. Aka ce Malam Sanusi zai dawo bayan kaka ya karɓa.

Daga nan aikin tsugunon ya wuce gonarsa. Kullum da sassafe, kafin raɓa ta bushe, yana bin kunyoyin mutane yana neman ninkakken ganye. Rake yana da yawa, kuma ganye kama yake da ganye, don haka ya nemi hanyar gane inda ya bari. Ya ɗauki zare daga mazarin Turai, ya riƙa ɗaurawa a jikin duk karan da ya ga tsutsa. Ƙulli ɗaya idan ƙarama ce, biyu idan ta girma, uku idan ta sandare. Bai nemi iznin kowa ba, domin a ganinsa ba abin da ya taɓa.

Ɗanmaliki ne ya fara maganar, kuma da wasa ya fara ta. Ranar kasuwa, a rumfar masu mazarƙwaila, ya hango Halliru ya ɗaga murya.

"Jama'a ku matsa, ga telan rake! Bawana, an ce yanzu kaftani kake ɗinka wa kara. In ka gama da nawa ka yi masa aljihu."

Aka yi dariya. Halliru ya ce, "Rakenka ko riga ya samu ba zai yi kyan gani ba, ya ɗauko ƙafafun mai shi."

Aka sake dariya, aka watse. Amma maganar zare ta shiga kunnen mutanen da ba su lura da shi ba a da, washegari kowa ya shiga gonarsa yana dubawa.

Cikin marka raken fadamar ya fara ciwo. Tsakiyar sabon toho ya riƙa bushewa, in ka ja sai ya zare da wari. Manyan kara suka yi 'yan huji suna zubar da wani abu kamar dusa, in iska ta kaɗa su karye. Gonar Ɗanmaliki ta fi kowace lalacewa. Ta Halliru, wadda ke manne da ita, ba ta yi ko rabin haka ba. Dalilin yana nan a fili ga mai son gani: Halliru yakan tone tsofaffin kututturen rake bayan sara ya ƙone, ya shuka sabon iri, Ɗanmaliki kuwa shekara uku yana barin gyauro. Amma a wannan watan ba kututture ake dubawa ba, zare ake dubawa.

Tasalla, matar Ɗanmaliki, ita ta warware inda zaren ya fito. Mijinta ya kawo mata guda bakwai a tafin hannu. Ta murza ɗaya tsakanin yatsu, ta ɗaga shi a haske ta ce, "Kaɗin Turai ne. Duk garin nan ba mai matse zare haka sai ita." Matan ƙauye sun san hannun juna a kaɗi kamar yadda suka san muryar juna. Kafin azahar ba gidan da labarin bai shiga ba.

Turai ta ji shi a bakin rijiya, inda mata suka yi shiru da isowarta, wata kuma ta janye guganta don kada ya taɓa nata. Ta dawo gida, ta shiga ɗakin mijinta ta buɗe wani gwangwani da ya hana kowa taɓawa. Ta tarar da takardu fiye da arba'in, kowace a ninke kusurwa uku, da rubutun ajami a baya. Ba ta iya karatu ba. Ta san kamannin laya kafin a kai ta wurin baduku. Da Halliru ya dawo daga gona ya same ta zaune da gwangwanin a gabanta.

"Malam, me ke cikin waɗannan?"

"Ƙwari ne."

"Da sunayen mutane?"

"Sunayen gonaki ne, inda na kama su."

"To, gonar Ɗanmaliki ba sunan Ɗanmaliki ne a kanta ba?"

Ya buɗe ɗaya ya nuna mata. Ta dubi busasshen ƙwaron, ta dubi mijinta. Ta ce, "Ni na yarda ƙwaro ne. Abin da ban sani ba shi ne me Bature zai yi da gawar ƙwaro da sunan gonar mutum. Kai ka sani?"

Gaskiya Halliru bai sani ba. Shi ma ya sha tambayar kansa ko an yi amfani da shi ne aka ƙirga fadamar da kowa ya ɓoye. Turai ta ce, "Da zarena ka yi. Ko ka tambaye ni?" Daga ranar ta ɓoye mazarinta.

Ranar Litinin mai unguwa Isyaku ya aika aka kira shi. Isyaku dattijo ne mai sanyin hali, wanda ya shekara ashirin da wani abu yana riƙe da ƙauyen ba tare da ƙararsa ta je gaban dagaci ba, kuma yana son ya mutu a haka. Magidanta kusan ashirin suna zaune a ƙofar zaurensa. An shimfiɗa zaren a kan faifai, an kuma sa an ɗauko gwangwanin da madubin. Halliru ya cire takalmi ya tsuguna ya yi gaisuwa. Aka amsa a taƙaice.

Ɗanmaliki ya yi magana, wannan karon ba bawana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Halliru ɗan gwaggota ne, ba zan yi masa ƙage ba. Abin da na gani zan faɗa. Na ga ƙulli a rakena, ɗaya, biyu, uku. Na ga ganye a ɗinke. Na ga rakena yana mutuwa nasa yana tsaye. Ga takardu da sunana. Ga madubi irin na masu duba. In wannan duka ba komai ba ne, to a faɗa mini mene ne komai."

Wani daga baya ya ce a karɓe fadamar kawai a huta. Mutane da dama suka ce haka ne.

Mai unguwa ya tambayi Halliru ko yana so a aika Karaye a nemo malamin gona ya yi masa shaida. Halliru ya ce a'a. Daga baya ya gaya wa Turai dalilinsa: in malamin gwamnati ya zo ya wanke shi, zai riƙe gonar, amma kowa zai tabbata shi ɗan leƙen asirin Bature ne, kuma ba zai sami wanda zai ɗauki gawarsa da zuciya ɗaya ba.

Abin da ya roƙa shi ne tukwane biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tsutsa biyu ce a fadamar nan, ba ɗaya ba. Mai ɗinke ganye daban, ita nake bi, gefen ganye kawai take ci, ba ta kashe rake. Mai kashe rake tana cikin kara, ba ta ɗinki, ban taɓa ɗaura mata zare ba. Ɗanmaliki ya je gonarsa da kansa, ni ba zan taka ba. Ya yanko ganye biyar daga kara masu ƙulli uku, ya saro kara biyar masu huji. A sa a tukwane daban, a rufe, a ajiye a zaurenka. Abin da ya fito kowa ya gani."

Aka yi gardama a kan ko wannan ma wata dabara ce. A ƙarshe mai unguwa ya yarda, bisa sharaɗin tukwanen daga gidansa za su fito, shi zai ɗaure bakinsu, kuma Halliru ba zai taɓa su ba.

Ɗanmaliki ya tafi da shaidu biyu ya dawo da kayan. Aka tsaga kara biyu a gaban jama'a. Cikinsu ya yi ja, ya ruɓe, ga rami ya bi tsawon gaɓa. A ɗaya aka sami tsutsa fara-fara mai ɗige-ɗige, ba ta yi kama da koriyar ganye ba ko kaɗan. A ɗayan aka sami ƙunshi ja-ja a kwance cikin ramin. Wani dattijo ya lura cewa cikin karan biyar masu huji, ɗaya ne kawai yake da zare a jikinsa. Ya faɗa, amma ba a tanka masa ba. Aka zuba komai a tukwane, aka rufe da ƙyallen akoko, mai unguwa ya ɗaure da igiyar rama.

Kwana shida tukwanen suna zaure. A cikin kwanakin ba wanda ya yi wa Halliru sallama a hanya sai a masallaci, inda ba yadda za a yi. An yi gayyar ciran shinkafa a gonar wani maƙwabcinsa ba a gaya masa ba. Kowace safiya mai unguwa yana kwance igiya a gaban shaidu, a leƙa, a mayar. Halliru yana tsayawa nesa da taku uku, hannuwansa a baya.

A rana ta shida ya roƙi a buɗe masa ganye ɗaya ya gani daga inda yake. Mai unguwa ya buɗe da tsinke. Ƙunshin da yake kore ranar Litinin ya yi duhu, har ana iya hango ɗige-ɗigen fiffike ta cikin fatarsa. Duk wanda ya taɓa kiwon waɗannan ƙwari ya san ma'anar wannan. Halliru ya sani, kuma da ya yi shiru da ya fi masa. Amma ya shekara ashirin yana kallon abin shi kaɗai, yau ga mutum ashirin suna kallo tare da shi. Ya ce, "Wannan gobe zai fito, kafin hantsi ya ɗaga. Namiji ko mace ban sani ba. Sauran sai jibi ko gata."

Washegari da safe ƙofar zauren ta cika, har da mata a bayan danga. Aka buɗe tukunyar ganye ba a ga komai ba. Ɗanmaliki ya ce, "To, malamin tsutsa, ina baƙon naka? Ko ya tsaya karin kumallo?" Wasu suka yi dariya, kuma waɗanda suke wurin sun ce a wannan lokacin fuskokin mutane sun saki, kamar an fi son a ce Halliru wawa ne da a ce mugu ne.

Rana ta ɗan ɗaga. Aka sake buɗewa. Ga ɗan zabura a jikin ƙyalle, fukafukansa a jiƙe a tattare. Aka fito da ƙyallen rana, jama'a suka yi zobe. A hankali fukafukan suka miƙe suka bushe. Ya shimfiɗa na baya, ya ɗaga na gaba rabi, ya ɗan tsaya, sai ya zabura ya wuce ta kan danga.

A ɗaya tukunyar ma an sami abin da ya fito daga ƙunshin cikin kara. Yana manne a gindin tukunya, launin tattaka, fukafukansa a kife a bayansa kamar jinka, ƙahonninsa sirara ba kumburi ba ƙugiya. Aka taɓa shi da tsinke ya ƙi tashi, sai ya rarrafa ya nemi inuwa. Halliru ya ce, "Ga mai kashe rake. Da duhu yake fita, shi ya sa ba ku san shi ba. Ku dubi ƙahon, ku dubi zamansa. Ba gidansu ɗaya da wancan ba."

Mai unguwa ya karɓi madubin ya duba da kansa, ya daɗe, sannan ya ce lalle ba iri ɗaya ba ne. Ɗanmaliki ma ya duba, ya mayar da madubin.

Sai wani tsoho mai suna Muntaka, wanda bai yi magana ba tun farkon shari'ar, ya gyara murya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban musa ƙwari biyu ne ba, na gani. Tambayata ɗaya ce. Jiya mutumin nan ya ce gobe kafin hantsi ya ɗaga. Bai taɓa tukunya ba. Matar da ke da ciki wata tara, ungozoma ba ta iya faɗin ranar haihuwarta. Shi wa ya gaya masa? In abu yana fitowa lokacin da mutum ya ce ya fito, ni dai ba na son mutumin a gefen gonata."

Halliru ya fara bayanin duhun ƙunshi da ɗige-ɗigen fiffike, amma surutu ya riga ya tashi. Waɗanda suka yi dariya ɗazu suka daina. Wani ya ce in yana iya kiran na rana, me zai hana shi kiran na duhu.

Mai unguwa Isyaku ya bari aka yi ta yi har aka gaji. Ya shiga gida ya yi alwala, ya fito ya zauna, sannan ya yanke hukunci. Ya ce ba a nuna masa Halliru ya kashe raken kowa ba, don haka ba zai karɓe gonar da uban mutum ya noma a kan zato ba. Amma an nuna masa Halliru ya shiga gonakin mutane ba izni ya ɗaura abin da ya tayar musu da hankali, kuma gari ba ya zaunuwa a haka. Saboda haka Halliru ya zaɓa a nan take. Ko ya bar madubi da takardu a zauren nan har mai su ya zo ya ɗauka, ya daina ɗaurin zare, ya daina kiwon tsutsa a tukunya, ya daina taka gonar kowa, ya riƙe fadamarsa. Ko ya riƙe kayansa ya bar fadamar.

Halliru yana tsugune, kansa a ƙasa. Waɗanda suke kusa sun ce ya daɗe har mai unguwa ya sake tambaya. Ta bayan danga aka ji muryar Turai, wadda ba ta taɓa magana a taron maza ba, ta ce, "Malam, 'ya'ya uku ne." Ya ɗaga kai ya ce ya zaɓi gona.

Malam Sanusi ya zo bayan kaka kamar yadda aka yi alkawari. A zauren mai unguwa aka ba shi gwangwanin da madubin. Ya nemi ganin Halliru aka ce ya tafi gona, ya aika aka ce ba a same shi ba. Ya kwana ɗaya ya koma. Ba a ƙara harajin rake ba a shekarar, ba a kuma sake jin labarin Mai Koma a yankin ba. Inda takardun suka ƙare, ba wanda ya sani a Fadamar Gawo.

Da aka sare rake a rani, an ga hayaƙi a gonar Ɗanmaliki, ya tone kututture yana ƙonawa. Da aka tambaye shi ya ce haka ubansa yake yi tun da. Shi da Halliru sun koma gaisawa bayan sallar layya, amma wasan taubasantaka bai dawo ba, da suna yake kiransa har ƙarshe.

Halliru ya noma fadamar shekara goma sha bakwai bayan haka, kuma bai karya sharaɗi ko ɗaya ba. Rakensa yana cikin mafi kyau a kwarin, masu mazarƙwaila daga Rogo suna saye ba tare da tambaya ba. Mutanen ƙauyensa kuwa ba wanda ya ƙara karɓar irin shuka daga hannunsa, ko kyauta ya bayar. Ya rasu a damina ta 1954 bayan gajeriyar jinya. Mai unguwa na lokacin, ɗan Isyaku, ya bar fadamar a hannun Turai, mijin babbar 'yarta yana noma mata.